Wanda ba shi da ko keke shi zai fi kowa jin harajin mai

Kwanakin baya ina sauraron wani shirin rediyo na dare, irin wanda ake buɗe layi jama'a su bugo, sai aka tayar da zancen harajin nan na kashi 5 cikin 100 da sabuwar dokar haraji ta tanada a kan fetur da dizal. Baƙon da aka gayyato ya yi ta lallashin masu sauraro. Wai talaka ya kwantar da hankalinsa, haraji ne na masu abin hawa, wanda ya fi yawan motoci shi zai fi biya, wanda ba shi da mota kuwa babu ruwansa.

Masu bugo waya ba su raga masa ba. Amma na lura kusan dukkansu daga birni suke, kukansu kuma iri ɗaya: kuɗin a-daidaita-sahu zuwa wurin aiki, man janareto, man kai yara makaranta. Har aka rufe shirin ban ji wanda ya ambaci injin ban-ruwa ba. Wannan ya fi maganar baƙon ba ni haushi.

Ni mutumin karkara ne, daga yankin Ringim a Jigawa, kuma gara in faɗi inda na tsaya tun ba a yi nisa ba. Ba na cikin masu cewa a dawo da tallafin mai yadda yake a da. Amma zalunci ne a ƙara ko kwabo a kan lita da sunan gyaran hanya, ko a ƙirƙiro wa direbobi wani sabon tikiti, alhali ba a yi wa jama'a bayanin kuɗin da ake karɓa a hannunsu yanzu ba. Mutumin ƙauyen nan da ake cewa babu ruwansa, shi nauyin zai fi dannewa.

Wa yake shan mai a ƙauye?

Ka shigo fadamarmu da sanyin safiya a watan Janairu. Kafin idonka ya ga mutum, kunnenka zai cika da ƙarar injina. Kowane manomi da ɗan injinsa a bakin rijiyar burtsatse, ya ja tiyo, yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya. Shinkafa ce, alkama ce, ga albasa, ga tattasai, ga tumatir. Duk koren nan da fetur aka sayo shi, domin rabon ƙasar da ruwan sama tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba.

Shinkafar rani kuwa ba ta jin uzuri. Ka yi mata fashin ban-ruwa biyu, ƙasa ta dare, ganye ya fara ja, asarar iri da taki ta hau kanka ke nan. Mai mota a birni, in mai ya gagare shi, yana iya jingine ta ya hau ta haya. Manomi ina zai jingine gonarsa?

Ina da wani kawu da ya ba sittin baya. Bai taɓa riƙe kan babur ba, abin hawansa jaki ne da amalanken shanu. Amma daga Disamba zuwa Afrilu da wuya ka samu ma'aikaci mai ƙaramar mota a Dutse da ya kai shi sayen fetur. Yana da wata tsohuwar jarka ruwan ɗorawa wadda murfinta ya ɓata, da leda da tsumma yake toshe bakin. Duk cikon da ya sayo sai ya ja layi da gawayi a bangon zaure. Na same shi wata rana yana bin layukan da ɗan yatsa, na ce, "Kawu, yaya noman bana?"

Ya ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Da ni kaɗai nake noma gonata. Yanzu na yi abokin tarayya, mai gidan mai. Ba ya shiga taɓo, sauro ba ya cizonsa, amma ranar rabo shi ake fara auna wa."

Bara rabin filin ya iya shukawa. Ragowar ya bar shi haka nan, ga ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ga hannun aiki a gida, babu abin ɗago ruwan.

Ba a fadama kaɗai abin ya tsaya ba. Matar da ta kai niƙan gero, dizal take biya. Yaron da ya kai waya wurin mai caji, fetur ya biya. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare aka rasa yadda za a yi sai asibitin cikin gari, kuɗin da ɗan acaba ko mai mota zai yanka da farashin lita yake auna shi, kuma a wannan lokacin babu mai bakin yin ciniki. Mai kamar gishiri yake a miya, duk wanda ya sa hannu a kwanon sai ya sha, ko da shi aka yi cefane ko babu shi.

Sannan manomi sau biyu ake yankarsa. Taki da maganin feshi a mota suke zuwa, an ɗora musu kuɗin hanya. In ya girbe, dillalin da zai sayi buhun ya kai Dawanau ko ya loda zuwa Kudu sai ya fara cire kuɗin mota kafin ya yi tayi. Abin da ya shigo ya yi tsada saboda mai, abin da zai fita ya yi araha saboda mai.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce lita tana naira 900, kashi 5 cikin 100 ya kama naira 45. A jarka mai lita 25 ya zama naira 1,125. Wani zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. To ya je ya ninka da layukan gawayin da ke bangon zauren Kawu. Kuma tunda kaso ne na farashi, wanda yake sayen mai da tsada shi zai fi biya. Mai a Legas ya fi araha a kan Kano, a Kano ya fi araha a kan garuruwanmu, a garuruwanmu ya fi araha a kan teburin ɗan bumburutu na ƙauye. Gwargwadon nisanka da kwalta, gwargwadon abin da zai hau kanka.

"Ai dama tallafin bai taɓa zuwa ƙauye ba"

Wannan ita ce hujjar farko da ake jefo mana, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Lokacin da gwamnati take cewa lita ba ta kai naira 200 ba, mu a nan ba kasafai muke ganin wannan farashi ba. Gidajen man da ke kusa ko dai a rufe, ko su sayar yadda suka ga dama. Yawancin mutanenmu a kwalba da galan suke saye. Kowa kuma ya san man da ake tsallakawa da shi Nijar, har ta kai a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, mutanen irin su Maigatari da Babura suka sha wuya a kan laifin da yawancinsu ba su aikata ba. Dillalan da suka ci kuɗin tallafi da takardun jabu su ma ba labarin ƙanzon kurege ba ne, majalisar wakilai ta binciki abin a 2012.

Shi ya sa ba na kukan a dawo da shi. Amma a daina cewa bai taɓa amfanar mu ba. Ɗan bumburutu ma a gidan mai yake sarowa. In ya saro da araha, kwalbarsa tana da sauƙi ko ya ɗora riba. Ragowar tallafin ce take iso mana, ita ɗin ma aka ɗauke.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500 a Kano. A watan Yuli ta wuce 600. A Satumban 2024 ta doshi 900, a Oktoba ta tsallake 1,000. Ta ɗan sauko a 2025 bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur, amma ba ta ko kama hanyar inda ta baro ba. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta kai 1,500, don haka kayan gyaran injin da taya da man juye duk suka bi sahu.

Me aka ba mu a madadi? An ce an ware wa kowace jiha naira biliyan 5 na rage raɗaɗi, an raba shinkafa da masara. Wanda ya ga yadda ake raba buhu ɗaya ga unguwa guda ya san iyakar abin. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Madalla, ma'aikata sun cancanta. Amma manomi da ɗan acaba da mai injin niƙa ba su da ranar albashi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A da akwai asusun daidaita farashi, wanda yake biyan masu tanka kuɗin ɗauko mai daga Kudu domin farashi ya zo kusan ɗaya a ko'ina. Da aka sakar wa kasuwa mara, wannan ya kau. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta daɗe ba ta aiki, bututun da yake kawo mai defo ɗin Hotoro a Kano ya zama tarihi. Yanzu duk litar da ta zo Jigawa a bayan tanka ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma mai saye ne yake biyan kowane taku.

"To da me za a gyara hanyar?"

Wannan ce hujja mai nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Hanya ba ta gyara kanta. Ƙasashe da yawa a kan mai suke karɓar kuɗin gyaran hanya, kuma a hankalce babu laifi wanda yake morar titi ya sa hannu wajen kula da shi. Masu kare harajin suna ƙarawa da cewa ba sabo ba ne: tun 2007 aka gyara dokar FERMA, hukumar kula da gyaran hanyoyin tarayya, aka sa kashi 5 ɗin nan, kashi 40 na abin da aka tara ya je wa hukumar, 60 ya je wa jihohi, sai dai ba a taɓa aiwatarwa ba. Dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ɗauko shi ta yi ta sake shigarwa, ta keɓe kananzir da gas ɗin girki da gas ɗin mota, ta kuma bar wa ministan kuɗi ikon sa ranar farawa. Da hayaniya ta yi yawa a Satumban 2025, har ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki, gwamnati ta ce ba yanzu ba.

"Ba yanzu ba" dai ba "ba za a yi ba" ce. Wuƙar tana nan cikin kube.

Tambayata ita ce, kuɗin gyaran hanyar ba shi ne aka ce za a samu in an cire tallafi ba? Da bakinsu suka ce tiriliyoyin da ake zubarwa za su koma hanya da asibiti da makaranta. Kuma kuɗin ya shigo. Kason da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi bai kai naira tiriliyan 1 ba kafin a cire tallafi, amma a wasu watannin 2025 ya haura tiriliyan 2. Na san nairar ba ta da ƙarfin da, buhun siminti ma ya shaida. Duk da haka wanda aka karɓe wa abu da alkawari yana da haƙƙin ya ga cikawa kafin a sake miƙo masa hannu.

In za a yi adalci, Jigawa ba ta cikin jihohin da za a ce ba su da titi. Manyan hanyoyin da suka haɗa garuruwanmu sun fi na wurare da dama, baƙi ma suna faɗa. Matsalar tana daga inda kwalta ta ƙare. 'Yar tazarar nan daga ƙauye zuwa bakin titi, wadda da rani yashi ne mai kama taya, da damina kuma taɓo da kwazazzabo, ita ce take cinye mai, take karya babur, take sa mai mota ya ce shi ba zai shiga ba ko nawa za a ba shi. Ambaliyar 2022 ta cinye kwalbatoci da dama a yankinmu, wasu ƙauyukan sai da kwalekwale. Irin waɗannan hanyoyi yawancinsu a wuyan ƙaramar hukuma suke. A tsarin rabon 40 da 60 ɗin can ina sunan ƙaramar hukuma? A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, amma har yau ɗan ƙauye bai san nawa ne yake shigo wa ƙaramar hukumarsa a wata ba, bare ya tambayi nawa aka kashe a hanyarsa.

Mun taɓa ganin yadda ake ƙara kuɗin mai jama'a su haƙura. A 1994 gwamnatin Abacha ta kai lita naira 11, ta kafa asusun PTF don yi wa jama'a ayyuka da rarar kuɗin, ta ɗora Buhari a kai. An yi ƙorafe-ƙorafe a kan yadda aka tafiyar da shi, ba na wanke kowa. Amma ka tambayi duk wanda ya yi wayo a lokacin, zai gaya maka ya ga allon PTF a bakin hanyar da ake gyarawa, ya karɓi magani mai tambarin PTF a asibiti. Gani ya kori ji. Kwatanta da 2012: Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141 ranar 1 ga Janairu, ƙasa ta ɗauki zafi, aka dawo 97, aka kafa shirin SURE-P don yin ayyuka da kuɗin tallafin da aka rage. Ka zaga ƙauyukanmu ka nemi wanda zai nuna maka abin da ya gani na SURE-P.

Harajin da ake karɓa a bakin hanya

Abin da masu zaune a ofis ba sa sawa a lissafi shi ne direban karkara ya riga ya daɗe yana biyan harajin hanya, kullum, da tsabar kuɗi.

Na taɓa bin wata akori-kura da ta ɗauko albasa zuwa wata kasuwar mako, ina gaba kusa da direba. Tun kafin ya tayar da mota ya canjo ƙananan kuɗi, ya ninke su ɗaya-ɗaya ya saƙale a tsakanin yatsunsa. A saman gilashi akwai damin tikiti da ya ɗaure da roba, ja da kore da fari da shuɗi, wani da hatimi, wani babu, wani ko sunan wanda ya buga shi babu. An karɓa a tasha. An karɓa a mararraba, inda aka gitta wani katako mai ƙusoshi. An karɓa da muka shiga wata ƙaramar hukumar, domin wai tikitin waccan ba ya aiki a wannan. An karɓa a ƙofar kasuwa, na mota daban, na buhu daban. Wani wurin ko takarda ba a ba shi ba, hannu kawai ya fitar ta taga, aka janye gangar da ta tare hanya.

Na ce, "Maigida, haka kuke fama kullum?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni fa ko sisi ba na biya. Mai albasa ne yake biya, ni miƙawa kawai nake yi."

Abin takaici, tun 1998 akwai dokar tarayya da ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Dokar tana cikin littafi, katakon yana kan titi.

Ga kuma na takarda. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, 'yan sanda suka fara matsa lamba a kai a Fabrairun 2025. A 2023 aka fito da wata naira 1,000 ta shekara-shekara ta shaidar mallakar mota, wato ka biya don a tabbatar motarka taka ce, bayan ka riga ka yi rajista. Ga lasin, ga takardar lafiyar mota. Ban ce inshora ba ta da amfani ba, amma a ƙauyenmu ban san wanda aka buge masa saniya ko aka karya masa ƙafa kamfanin inshora ya biya shi ba. A gaban dagaci ake sasantawa.

A birnin Kano masu a-daidaita-sahu sun ajiye aiki a Fabrairun 2021 a kan harajin naira 100 na kullum, suka sake a Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta rajista, gari ya tsaya cak har aka zauna da su. Su suna da yawa a wuri ɗaya, in sun yi fushi gwamnati tana ji. Ɗan acaban ƙauye in ya yi yaji, matarsa ce kawai za ta sani.

Wasu suna cewa mutanenmu ne ba sa son biyan haraji, tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano, aka sangarta su. Ban yarda ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka matasan garinmu suna fitowa aikin gayya su cike ramukan hanyarmu. Ana bin gida-gida a karɓi kuɗin tifar burji, mai ɗari biyar ya bayar, mai kwanon gero ya bayar. Ranar Juma'a bayan an idar da salla a miƙe a karanta: ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, ga saura. Ba a taɓa kai kowa gaban hukuma don ya ƙi ba. Mutanen da suke yin wannan ba za a ce ba su san amfanin haɗa kuɗi ba. Harajin da iyayenmu suka yi murnar mutuwarsa, wanda ake karɓa da bulala ne a tafi da shi inda ba a sake jin labarinsa.

"Ku koma gas mana"

Gas ɗin mota da gwamnati take tallatawa yana da araha, amma a ina za mu sha shi? Bututun da zai kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Ko ya iso Kano, tsakaninsa da fadamar Hadeja akwai tafiya.

Manoma ba su jira kowa ba. Da yawa sun kai injinansu wurin bakanike an juya su suna aiki da tukunyar gas ɗin girki, sai shi ma gas ɗin ya tashi, an gudu ba a tsira ba. Masu hali sun sa sola, kuma duk wanda ya sa ba ya da-na-sani. Matsalarta kuɗin farko, wanda ƙaramin manomi ba zai iya tarawa a girbi ɗaya ba. In da gaske ana son raba mu da fetur, nan ne wurin sa kuɗi: a ba da famfon sola bashi, a biya da shinkafa bayan girbi, kuma rabon ya bi ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya, kada ya bi ta gidan ɗan siyasa.

Majiya

Ba na son ambaton wannan, amma ba zai yiwu a yi zancen mai a Jigawa a tsallake shi ba. Daren 15 ga Oktoban 2024, kwanaki kaɗan bayan lita ta haura 1,000, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mutane suka fito ɗibar man da ya malala, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, adadin ya ci gaba da ƙaruwa a asibitoci. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Na ji masu cewa kwaɗayi ne da jahilci. Ɗibar mai daga tankar da ta faɗi ganganci ne, kuma wajibi ne malamai da masu unguwanni su ci gaba da faɗa. Amma wanda yake wannan hukunci daga cikin mota mai sanyi ya tsaya ya tambayi kansa me bokiti ɗaya na fetur ya zama a idon saurayin da yake yini a gonar wani. Ya kuma tambaya me ya sa man da za shi Nguru yake ratsa tsakiyar garuruwa cikin dare a bayan tanka, alhali layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Kano zuwa Nguru yana nan kwance, ya bi ta Ringim da Malam Madori.

Namu gefen

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da aka ce mai ya tashi, kafin azahar kuɗin mota ya tashi a kowace tasha, har wanda ya cika tankinsa jiya da tsohon farashi. Da mai ya sauko a 2025, direba nawa ne ya rage? Sai a ce maka ai taya, ai kayan gyara. Akwai gidajen man da litarsu ba ta cika lita ba, akwai ɗan bumburutun da yake dukan gindin galan ya lotsa don ya rage awo, akwai mai gauraya. Shugabannin tasha da suke karɓar kuɗin ƙungiya kullum su ma ba su taɓa karanta wa direbobi lissafi ba. Wanda zai nemi gwamnati ta yi bayani, ya kamata ya iya neman haka a tasharsu.

Amma wannan ba hujja ba ce ta ƙara wani nauyin. Hasali ma shi ne dalilin tsoro: naira 45 da aka ƙara a gidan mai, kafin ta iso ƙauye ta bi ta hannun mai tanka da ɗan bumburutu da direba, kowa ya cika ta zuwa ɗari.

Abin da zai sa in yarda

Ba na cewa har abada kada a karɓi kuɗin hanya a kan mai. A fara da kwashe katakan nan masu ƙusa, a mayar da tikitin direba ɗaya tak a rana, wanda zai yi aiki daga Gwaram har Birniwa, a kuma sanar da kuɗinsa a rediyo yadda babu mai ƙara masa ko naira. Kowace ƙaramar hukuma ta liƙa a bangon sakatariya abin da ya shigo mata a wata da hanyoyin da ta gyara da shi, da Hausa, da boko da ajami. In harajin zai zo, a rubuta a doka kason da zai tafi hanyoyin karkara, da sunan kowace hanya da ɗan kwangilarta. Manomin rani kuwa, wanda injinsa ko taka titi ba ya yi, a nemo yadda za a cire shi ko a mayar masa da abinsa ta hanyar taki ko sola, tunda an iya keɓe kananzir da gas.

'Yan majalisarmu na tarayya suna zaune aka zartar da dokar nan. Kafin minista ya sa rana, su zaɓi kasuwar da suka ga dama, Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, su zo ba jiniya, su tsaya inda ake sauke kaya, su tambayi direbobi goma nawa kowannensu ya miƙa daga inda ya yi lodi zuwa inda ya tsaya, su kuma nemi a nuna musu rasit.